Hayaƙin Janareta

A Yelwa ta Garwa, bayan garejin manyan motoci,
akwai rumfar kwano mai benci goma sha ɗaya.
Ni ke karɓar dala ashirin a bakin ƙofa,
ni ke ba janareta mai idan ya fara tari.
Fim ɗin nan na saka shi ya fi sau talatin,
har na daina kallon allo, fuskoki nake kallo.

Labarin ba shi da wani tsawo.
Dattijo ne, yaron gidan wani attajiri,
tun yana saurayi makullan gidan ke rataye a ƙugunsa,
kowa "kai" yake ce masa, har jikokin gidan.
Ba ma jin yarensu.
Ba mu taɓa neman tafinta ba.

A ƙarshe sai ya kwance igiyar,
ya aje makullan kan teburi, kacau,
ya fita bai ja ƙofar ba.
A bakin ruwa mai kwalekwale ya tambayi sunansa.
Sai ya tsaya,
ya laluba can ƙasa, kamar mai neman allura a buhun gero,
ya faɗa a hankali,
ya sake faɗa, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

A nan rumfar ke yin tsit.
Masu ɓare gyaɗa su dakata da ɓawo a hannu.
Tanimu mai kilando, wanda babur ɗin ba nasa ba ne,
wanda sai ya kai wa mai shi jaka biyu kafin ya sha shayi,
ya jawo hularsa har kan hanci.
Hamajoda tela ya ƙura wa yatsun ƙafarsa ido
kamar yau ya fara ganinsu.
A waje, Inna Dudu mai suyar kifi,
wadda ba ta taɓa leƙowa ba,
ta san wurin da kunne:
da ta ji kacau sai ta rage wuta.

In na kunna fitila kowa ya murza ido,
a ce, yaro, janaretan nan naka hayaƙi gare shi.
Na'am, nake cewa, gobe za a gyara.
Alhali yana can bayan katanga, iska ma ba nan take kaɗawa ba.

Wata rana na tare Garga,
mai gadin dare a kamfanin auduga,
mutumin da ko a jana'izar ƙaninsa ba a ga hawayensa ba.
Na ce, Baba, sau bakwai ke nan kana biya.
Ka san zai tafi, me kake dawowa gani?

Ya ce, ba tafiyar ba ce.
Tafiya ko akuya tana yi in igiya ta ruɓe.
Shirun nan ne, kafin ya ba da amsa.
Kullum gabana faɗuwa yake kada yau ya manta.
Ya gyara tocilarsa a hammata.
Ya ce, ni uwata tana da sunan da take kirana.
Bai faɗa mini ba. Ya wuce aiki.

Daren nan na share ɓawon gyaɗa,
na jera benci, na datse kwaɗo.
Makullan Alhaji Bappa guda huɗu ne a hannuna,
ban taɓa lura suna da nauyi haka ba.
Ban nufi gida ba, na gangara gadar Binuwai.
Ba kwalekwale, ba mai tambaya,
sai fitilar masunta can nesa tana kyaftawa.
Duk da haka na faɗa.
Sau biyu, yadda ya yi.
Wata dorina ta yi huci a ƙarƙashin gada.

Na mayar da makullan aljihu.
Gobe da la'asar akwai ƙwallo,
kuma man janareta ya kusa ƙarewa.